Jinin Mai Walda

Shafi na 23

Masu turo min saƙo suna cewa batirin Rediyo ya mutu, na gani, na kuma yafe muku. Ba lalaci ya hana ni ba. Shafin nan ne ya ƙi rubutuwa, duk sanda na zauna kansa sai hannuna ya yi sanyi in ajiye wayar. Wanda yau ya shigo, ga inda muka kwana: an yi wa Yayata aiki a babban asibiti, an ciro mata ɗa namiji. Kafin shi ta haifi biyu, ba wanda ya cika mako a duniya. Shi ma wannan, kwana ɗaya da zuwansa jikinsa ya fara rawaya, aka raba shi da uwarsa aka kai shi ɗakin jarirai.

Da hantsi nas ta bar ni na leƙa shi ta gilashin ƙofa.

Yana cikin kwalba, tsirara, ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila. An ɗaure masa idanu da ɗan ƙyalle don kada hasken ya taɓa su. Na nemi inda zan ga kamannin Yaya ko na ubansa ban samu ba, sai tafin ƙafarsa da ke fuskantar ƙofa, fari fat kamar jini bai taɓa bi ta wurin ba. Sauran jarirai suna ta tsala ihu, shi ko motsin kirki ba ya yi. Na san wannan shirun. Na biyun ma da haka ya fara.

Likitar yara ta fito ta same mu a baranda, ni da mijin Yaya. Gajeriyar mace ce, ba ta da yawan magana, kuma ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce jinin yaron narkewa yake yi, ƙwayoyin suna fashewa fiye da yadda jikinsa ke ƙera sababbi. Dattin fashewar ne ya rina shi, in kuma ya yi yawa ƙwaƙwalwa yake nufa. Fitilar ta yi iya yinta, ta gaza. Abin da ya rage shi ne musayar jini: a riƙa zare nasa kaɗan-kaɗan ta cibiya ana mayar masa da wani. Ta ce tana so a yi shi kafin rana ta faɗi.

Ba ta rufe baki ba mijin Yaya ya fara naɗe hannun rigarsa.

Bari in tsaya in gaya muku wane ne mutumin nan, don ku san abin da nake shirin rushewa. Aikinsa walda, kuma tun ina 'yar makaranta Mai Walda nake kiransa, shi kuma ya laƙaba min Rediyo, wai bakina ba shi da makashi. Ƙato ne, idanunsa kullum ja saboda wutar aiki, hannuwansa duk tabon tartsatsi. Bai yi karatu mai zurfi ba, bai tara abin duniya ba. Abu ɗaya yake tinƙaho da shi a rayuwarsa, kuma duk wanda ya taɓa zama a tsakar gidansu ya sha labarin.

Shekarar farko ta aurensu Yaya ta yi ɓari, jini ya ɓalle mata. Ya saɓa ta a kafaɗa ya ruga wani ɗan ƙaramin asibiti da ke bayan shagonsa, inda wani dattijo ke duba mutane. Babu jini a ajiye, babu lokacin zuwa neman wani. Dattijon ya gwada su, ya ce rukuninsu ɗaya. Nan take ya kwantar da Mai Walda a benci ya ɗebi leda guda, da ɗuminta ya rataya wa Yaya. Da Mai Walda ya miƙe jiri ya kwashe shi ya faɗi. Yana farfaɗowa ya ji muryarta tana neman ruwa.

In ya zo nan a labarin sai ya miƙe hannu ya nuna wani ɗan ɗigo a lanƙwasar gwiwar hannunsa, ya ce ga shaida. Ni kuma in ce kai dai faɗi gaskiya, tartsatsi ne ya ɗane ka. Ya ce Rediyo, hassada ce ke damunki, ke wa zai suma dominki? Yaya tana kan keken ɗinkinta tana dariya ƙasa-ƙasa, don duk da ta ji labarin ya fi a ƙirga, bai taɓa gundurarta ba.

Lokacin da na biyu ya rasu, Mai Walda yana wani gari yana haɗa tankin ruwa. Ya dawo ya tarar an gama komai. Tun daga ranar ya sa wa ransa cewa da yana nan, da an ɗebi jininsa an sa wa yaron, da ya tashi kamar yadda uwarsa ta tashi. Ba mai iya cire masa wannan daga kai. Da Yaya ta samu cikin nan, ranar ya jefar da taba. Hanta da ko warinta ba ya so, ya riƙa cinta yana yamutsa fuska. Aikin nesa duk ya ƙi karɓa. Yana cewa jini yake tarawa, yaro ya zo ya tarar da shi a shirye.

To, ga ranar ta zo, ga shi ya naɗe hannun riga.

Likita ta ce ya dakata. An riga an gwada ledojin da ke ɗakin ajiyar jini da jinin uwar, duk wadda aka haɗa sai su yi faɗa, don haka akwai abin da take bincike. Shi kuwa ya ce ai ba sai an wahala ba, ga gwadadde a tsaye. Ya gyara tsayuwa ya fara ba ta labarin, har da bencin, har da suman. Ni har na buɗe baki zan jefa maganar tartsatsi, sai na lura likitar ta daina abin da take yi tana kallonsa.

"Kai ka ba ta jini?"

"Ni kuwa."

"Kafin ta haifi na farko?"

"Da shekara guda ma," ya ce, yana murmushi, yana nuna mata ɗigon.

Ta kalli ɗigon, ta daɗe. Sannan ta ce ba za a yi amfani da nasa ba, amma ya taro abokan aikinsa, ya kai su ɗakin jini a gwada su. Bai so ba, ya dai tafi yana gunaguni. Ita kuma ta juya ta nufi ɗakin masu haihuwa da sauri, ni kuma na bi ta, don ƙafata ba ta taɓa barin kunnena a baya ba.

Yaya tana kwance da robar ruwa a hannu, leɓunanta sun bushe, gaban rigarta ya jiƙe da nonon da ba mai sha. Likita ta ja labule ta zauna a bakin gado, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta tambaya ko in fita. Yaya ta ce a bar ni, ko an kore ni ta bango zan ji.

Likita ta tambaye ta ko gaskiya ne jinin da aka taɓa ƙara mata na mijinta ne. Wallahi duk da ciwon ɗinki sai da fuskar Yaya ta yi haske. Ta ce nasa ne.

Daga nan likitar ta yi bayani a hankali, kamar mai tafiya kan ƙaya. Ta ce rukunin jini da kowa ya sani ba shi ke nan ba. Akwai wasu ƙananan alamomi a jikin ƙwayoyin jini, wani yana da su, wani babu. Mai Walda yana da wata alama da Yaya ba ta da ita. Ranar da jininsa ya shiga jikinta ya yi aikin da aka sa shi, ya tashe ta. Amma jikinta ya riƙe alamar nan a matsayin baƙuwa, ya ƙera abin yaƙarta ya ajiye. Shi bai dame ta da komai ba, sai dai duk ɗan da ya gaji alamar daga ubansa, tun yana ciki abin yake ratsawa ya same shi, ya yi ta farfasa masa jini. Ta ce shi ya sa a nan ba sa sa wa macen da ke kan haihuwa jinin mijinta, ko da rukuninsu ɗaya.

A bayan labule wata tana waya tana ƙyaƙyata dariya.

Likita ta ƙara da cewa ba za ta rantse ba, don shi kansa ɓarin yana iya koya wa jiki wannan faɗan. Amma leda guda cur, ita ta fi zato. Na kama wannan 'yar maganar na riƙe ta da hannu biyu, har yau ina riƙe da ita.

Yaya ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi min sauƙi. Silin take kallo, can ta ce, "Da bai ba ni ba fa?"

"Da wataƙila ba ki kai safiya ba."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya mata farashin zare. Sannan ta juyo ta kalli likitar.

"Kada ki gaya masa."

Likita ta ce maganar jikinta ce, ba za ta fitar da ita ba sai da izininta. Amma tana ba ta shawara su zauna su uku a yi masa bayani, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaya ta girgiza kai. Likitar ba ta matsa ba, lokaci ba ya hannunta. Ta ce abin da ake nema yanzu jinin da ba shi da alamar nan, kuma inda aka fi sa ran samunsa wurin waɗanda suka fito ciki ɗaya da uwar. Ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta ce in same ta ɗakin jini, ta fita.

Na miƙe zan bi ta, Yaya ta cafke min hannu. Matar da ko kofi ba ta iya ɗagawa da safen nan, sai da na ji ƙashina ya amsa.

"Ki rantse min."

Na ce Yaya, shekara nawa ana cewa cikinki ne ke cinye su? Shekara nawa mata na janye 'ya'yansu in kin shigo wuri? Yau Allah ya wanke ki, ki ce in rufe baki?

"Ni na saba," ta ce. "Shi bai saba ba. Abin nan shi kaɗai gare shi, Rediyo. In kika ƙwace masa, me kika bar masa?"

Na ce to ke me aka bar miki?

Ta ƙara matse hannun. Na rantse. Na kira sunan Allah na rantse mata, hawaye na shiga min baki. Ni da ko farashin sabon takalmina ban taɓa iya ɓoyewa ba.

A ɗakin jini na tarar da abokan Mai Walda a jere kan benci, masu walda da makanikai, kowa da auduga a hannu, kayan aikinsu na warin baƙin mai. Allah ya saka musu, sun rufe shagunansu sun zo. Amma ba wanda nasa ya yi. Wasu rukunin ya saɓa, wasu suna da alamar.

Mai gwajin ya ɗora ni a sikeli, ya leƙa, ya ce da ƙyar na sha, da na cire mayafi da na faɗi jarrabawa. Ban yi dariya ba. Ya tsaga min yatsa, ya ɗebi wani a jijiya, ya shige ciki. Duk wanda ya san ni ya san allura ce maƙiyiyata, tun ina yarinya sai an danne ni. Ranar nan ina zaune ina roƙon Allah ya sa a soke ni da babbar.

Da ya fito ya ce nawa ya zauna lafiya da na uwar.

Suka kwantar da ni a wata doguwar kujera, suka ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa. Na juyar da kai bango, amma ta gefen ido ina ganin ledar tana cika a hankali tana lilo a kan ɗan injinta. Ina matsa ƙwallon ina cewa a raina, yaro ka jira ni, ka ji, kada ka yi irin na yayyenka. Da aka gama mai gwajin ya ba ni lemo mai sanyi, ya ce ba yanzu za a kai ba, sai an bincike shi an shirya shi yadda jariri zai iya ɗauka. Zai kai bayan la'asar. Ya ce in zauna in huta. Ina! Jiri na ɗibata na kama hanya.

Tun daga bakin ɗakin masu haihuwa na jiyo muryar Hajiya, uwar Mai Walda.

Ba zan zalunce ta ba, ko da yake raina yana so. Tsohuwar nan a cinyarta na biyun ya cika, ita ta rufe masa ido, kuma tun ranar ba ta koma daidai ba. Amma baƙin cikinta bai san hanyar fita ba sai ta kan Yaya. Ta ajiye fulas ɗin ruwan zafi a ƙasa, ta tsaya a kan gadon tana faɗa, wai ta ji an ƙi jinin ɗanta an ɗauki na dangin uwa. Wai wane irin asibiti ne wannan da za a bar jini mai albarka, wanda kowa ya ga aikinsa, a koma wa jinin da ya riga ya cinye biyu? Matan gadajen kusa duk sun baza kunne.

Yaya ta ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya."

Shi ke nan abin da ta ce. Ta ɗago ido ta same ni a bakin ƙofa, ta riƙe ni da kallo.

Jama'a, magana tana nan a kan harshena, gajeriya, da na sake ta tsohuwar nan ba za ta ƙara ɗaga murya a kan 'yar'uwata ba har ta koma ga Allah. Na ciji leɓe har na ji gishirin jini. Hajiya ta juyo ta ga filasta a hannuna, ta taɓe baki ta ce ko kaza aka yanka ta fi ni jini. Na ce haka ne, Hajiya. Ita kanta sai da ta sake kallona, don ba ta taɓa jefa min ɗaya ban mayar da uku ba.

Sai ta ce ai ba komai, ɗanta ya riga ya san abin yi. Ta sunkuya ta jawo jakar kayan jariri daga ƙarƙashin gado, jakar da Yaya ta cika da 'yan rigunan da ta ɗinka tun cikin farko, ta saɓa ta fita.

Na bi ta a guje.

Mai Walda yana tsaye a ƙofar ɗakin jarirai, waya a hannu, nas ta tare ƙofar da jikinta. Ashe ya kira dattijon nan na bayan shago. Dattijo ya ce in dai rukuninsu ɗaya da yaron ya kawo shi, zai sa masa kamar yadda ya sa wa uwar. Har ya tsayar da tasi a bakin asibiti, tana jira.

Aka kira likita ta zo da sauri, safar hannu ma ba ta cire ba. Ta ce masa in aka fitar da yaron daga ƙarƙashin fitilar nan aka sa masa jininsa, ba zai kwana ba. Ya ce dalili? Ta ce a jikin yaron akwai abin da ke yaƙar irin jininsa. Ya ce daga ina ya samo shi? Ta ce daga uwa.

Hajiya ta ce, "Kun ji ko."

Shi kuwa dariya ya yi, irin wadda ba daɗi a cikinta. Ya ce likita, da girmanki. Uwar da jinina ya tashe ta daga mutuwa? Da jikinta na yaƙar jinina ai da a ranar ta tafi. Ya ce shi bai yi boko ba, amma abin da idonsa ya gani ba mai karanta masa shi a takarda. Sau biyu ana sallama wa masu farar riga, sau biyu ana komawa gida da jaka cike da kaya ba mai sawa. Wannan karon ba zai tsaya yana kallo ba alhali maganin yana yawo a jikinsa.

Na ga bakin likitar ya motsa. Ta dubi hanyar ɗakin masu haihuwa, ta dube ni, ta haɗiye. Ta ce ya ba ta minti kaɗan ta kira babbansu, ta kuma ce wa nas kada ta buɗe wa kowa. Nas ta shige ta murɗa makulli ta ciki.

Mai Walda ya bi ƙofar da kallo daga sama zuwa ƙasa, irin kallon da yake wa aikin wani. Ya ce ƙofar da ta fi wannan ma ya cire ta da hannu. Ya miƙa wa Hajiya wayarsa, ya tako.

Ban san sanda na tsinci kaina tsakaninsa da ƙofar ba. Na manna bayana da gilashin, kaina na juyawa.

"Matsa, Rediyo."

Na ce ka jira la'asar. Nawa yana zuwa, an gwada, ya yi. Don Allah ka jira la'asar kawai.

"Na biyun ma jira aka ce a yi."

Na ce to ka je ka tambayi Yaya, in ta yarda ka ɗauke shi.

Ya ce Yaya ba ta cikin hayyacinta, kuma ya san abin da za ta ce, duk abin da ya ga ya dace. Gaskiyarsa ne, haka za ta ce, ko ta yi shiru, don ba ta da wani dalilin da za ta ba shi sai wanda ta binne. Ya sa hannu ya kama kafaɗata a hankali, ba da mugunta ba, yadda ake kawar da kujera daga hanya. Idanunsa sun cika da ruwa.

"Ƙanwata," ya ce, bai taɓa kirana haka ba. "Wata tara ina tara masa. Ki ba ni dalili ɗaya da zai sa in bar ɗana ya mutu da jinina a jikina. Ɗaya tak. In babu, ki matsa."

Gaba kura, baya sayaki. A can ɗaki ga Yaya da rantsuwar da na yi mata. A bayana, ta cikin gilashi, ga ɗan tafin ƙafar nan fari. Na nemi ƙaryar da zan yi, ni da ake cewa bakina ba ya rasa abin faɗa, na laluba ko'ina ban samu ko ɗaya da za ta tsayar da mutumin nan ba. Duk abin da zan ce, labarin bencin zai fi shi ƙarfi. Ya fara janye ni, takalmina yana zamewa a kan siminti.

Na ce, "Ledar nan ce."

Ya tsaya.

"Ledar da ka ba Yaya. Ita ta koya wa jikinta faɗa da jininka. Ita ba ta taɓa ta ba, sai 'ya'yan, don irin jininka suke ɗaukowa. In ka sa masa naka yau, ka ƙara wa wuta itace."

Na yi sauri na ƙara da cewa likita ta ce ba ta rantse ba, ɓarin ma yana iya jawowa. Na ce kuma da ba ka ba ta ba da ta mutu, likita ta faɗa, da kunnena na ji. Na ce ba laifinka ba ne, ba ka sani ba, dattijon ma bai sani ba. Ina ta zuba, ina ta zuba, amma na san ta farkon kaɗai ta shiga.

Hannunsa ya sauka daga kafaɗata. Jakar kaya ta suɓuce daga hannun Hajiya, 'yan riguna suka zube a ƙasa, ba wanda ya sunkuya. Tsohuwar ta lalubi bango ta jingina.

Mai Walda ya ɗaga hannunsa na hagu, wanda har yanzu rigar ke naɗe, ya kalli ɗan ɗigon nan. Ya sa babban yatsa ya murza shi, kamar zai goge. Sannan ya ɗago, da wata 'yar murya da ban san yana da ita ba.

"Duka biyun?"

Na kasa. Rediyo ta mutu a tsaye.

Sai na ga ba ni yake kallo ba kuma, gefe yake kallo. Na juya. Yaya ce a tsakiyar baranda, ba takalmi, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen rataye ruwa, ɗayan dafe da ɗinkin cikinta, jini ya ɗan ɓullo ta zanin. Allah kaɗai ya san yadda ta tako daga gadon nan, da kuma tun yaushe take tsaye. Ba ta kalli mijinta ba. Ni ta kalla.

"Kin rantse min," ta ce.

A bayana makulli ya yi ƙara, ƙofar ta buɗe har na kusa faɗawa ciki. Nas ce. Ta ce an kira daga ɗakin jini, leda ta fito da wuri, tana hanya. Ta ce yaron ya fara sanƙarewa, likita ba za ta jira la'asar ba. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Mu fara, ko tafiya za ku yi da shi?"

Mai Walda bai ma ji ta ba. Gwiwoyinsa sun riga sun kai ƙasa, a tsakiyar 'yan rigunan, yana kallon Yaya.

"Duka biyun?" ya sake cewa.